Juyin Ninki: Na'urar Riɓanya Zaren Gado da Sunayen da Suka Dace da Ita a Hausa

Kafin ɗab'i ya yawaita a ƙasar nan, in almajiri a Birnin Zazzau ya bukaci littafi, ba kasuwa yake nufa ba. Sai ya tafi wurin mai shi, ko a Kona ko a Juma, ya ara, ya feƙe alƙalami, ya zauna ya bi shi baƙi bayan baƙi har ya kai ƙarshe. Wannan aiki shi ake kira juyi. Littafi ɗaya ya zama biyu ke nan, in kuwa aka sami masu juyi biyu suka ɗauki biyun nan, sai su zama huɗu. Yau ma ana juyi a ƙasar Zazzau, amma na wani irin rubutu dabam, wanda ido ba ya gani. A ɗakunan bincike na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, da kuma Cibiyar Horaswa kan Tarin Fuka da Kuturta a Saye, akwai na'urori waɗanda aikinsu shi ne su ɗauki ɗan guntun rubutun da ke cikin jikin mutum, ko dabba, ko tsiro, ko ƙwayar cuta, su yi ta juyinsa har ya kai miliyoyi cikin sa'a biyu ko uku. Turawa suna taƙaice sunan wannan hanya su ce PCR, kuma tun daga annobar korona ta 1920 da ɗari, watau shekarar 2020, baƙaƙen nan uku suka shiga bakin mutanen da ba su taɓa taka ɗakin bincike ba.

Sunan dai ya shiga baki, amma ma'anar ba ta biyo shi ba. Akan ji ana cewa "injin gano cuta", kamar dai injin yana da ido, yana leƙawa cikin majina ya hango cutar. Ba haka ba ne. Injin nan bai iya kome ba sai ɗumamawa da sanyayawa, daidai wa daida, a kan lokaci. Malamin da ya gane wannan ya gane rabin maganar, zai kuwa iya bayyana ta da Hausa tsantsa ga ɗalibansa, waɗanda su ne za su koma garuruwa a riƙa tambayarsu abin da takardar asibiti take nufi.

Zaren da ake juya

Jikin kowane mai rai an gina shi da ƙananan ɗakuna, su ne ƙwayoyin halitta. A cikin kusan kowace ƙwaya akwai wani dogon zare, shi ne Turawa suke kira DNA, a nan kuwa za a kira shi zaren gado, gama shi ne ɗa yake gada daga uwa da uba. Zaren da ke cikin ƙwayar halitta ɗaya ta ɗan Adam, in da za a miƙe shi, ya kusa mita biyu. A jikinsa akwai rubutu, amma baƙaƙen rubutun huɗu ne kaɗai, an lakaba musu A, T, G da C. Da baƙaƙen nan huɗu aka rubuta mutum, da raƙumi, da dawa, da sauro, bambancin a jeri yake. Na mutum ya kai baƙi wajen miliyan dubu uku.

A shekarar 1953 James Watson da Francis Crick, a Kambirij ta Ingila, suka bayyana siffar zaren, bisa ga hotunan da aka ɗauka a ɗakin binciken Rosalind Franklin da na Maurice Wilkins a Landan. Sai ga shi ba sili ɗaya ba ne, sili biyu ne aka tufke kamar igiya. Abin da ya fi muhimmanci ga maganar nan shi ne baƙaƙen silin biyu suna riƙe da juna bisa ƙa'ida wadda ba ta sakewa: A ba ta kama kowa sai T, G kuma ba ta kama kowa sai C. Saboda haka wanda ya ga sili ɗaya ya san ɗayan. In wannan ya ce GATTC, to, abokin tufkarsa lalle CTAAG ne. Ke nan kowane sili shi ne allon da za a duba a rubuta ɗan'uwansa, kuma haka jiki yake yi kullum sa'ad da ƙwayar halitta za ta rabu biyu. Akwai wani sinadari mai wannan aiki, wanda Arthur Kornberg ya gano a 1956. Shi yake bin sili yana ɗora baƙi bayan baƙi. Shi ne mai juyin na ainihi.

To, wahalar da masana suka daɗe suna sha ita ce ƙarancin abin. In ana neman wani guntu mai baƙi ɗari biyu cikin miliyan dubu uku, a ɗigon jini ɗaya, babu ma'aunin da zai ji shi. Dabarar PCR ba ta ƙara wa ma'auni ƙarfi ba. Guntun da ake nema ta riɓanya, shi kaɗai, har ya yi yawan da ma'aunin da ake da shi zai gan shi.

Tufka da warwara

Hausawa in suna zargin mutum da aikin banza sukan ce yana tufka da warwara. A nan kuwa tufka da warwara su ne aikin kansa.

Ana zuba abubuwa biyar a wata 'yar kwalbar roba wadda ba ta kai kan ɗan yatsa ba. Da zaren gadon da aka tato daga jini ko majina ko ganye. Da sakakkun baƙaƙe na A, T, G da C, watau tawadar juyin. Da sinadarin nan mai juyi. Da wani ruwa mai gishirin magniziyam wanda in babu shi mai juyin ba ya motsi. Sa'an nan da wasu gajerun silla iri biyu, kowanne baƙi wajen ashirin, waɗanda aka ƙera da gangan don su dace da farkon guntun da ake nema da kuma ƙarshensa. Waɗannan gajerun za a kira su mafarai, ɗaya mafari, domin mai juyin yana da wani hali: ba ya fara rubutu a kan allo fari fat, sai an fara masa layi sa'an nan ya ci gaba. Duk haɗin nan gaba ɗaya bai fi rabin ɗigon ruwa ba.

Sai a kai zafi digiri 94 ko 95 na ma'aunin Salsiyas, saura ƙiris ruwa ya tafasa. A nan silin biyu suke sakin juna, igiya ta warware. Bayan daƙiƙa wajen talatin sai a sauko da zafin zuwa tsakanin digiri 50 da 65. Da sanyin nan silla suna neman abin kamawa, mafarai kuwa gajeru ne, ga su da yawa ƙwarai, saboda haka su suke riga kowa, kowanne ya manne a gurbin da baƙaƙensa suka dace. Sa'an nan a hau zuwa digiri 72, inda mai juyin ya fi jin daɗin aiki. Sai ya kama daga bakin mafari ya yi ta ɗora baƙaƙe, wajen dubu a minti ɗaya, har sili ɗaya ya koma igiya mai tufka biyu. Zagaye ɗaya ke nan, kuma guntu ɗaya ya zama biyu.

A cikin matakan nan uku, na tsakiya ne mai wuyar sha'ani, shi ne kuma inda ake gane gwani. In zafin ya yi ƙasa da kima, mafari yakan yi sakaci ya manne a gurbin da bai dace da shi sosai ba, sai a juyo abin da ba a nema ba. In ya yi sama da kima, ba ya mannewa ko kaɗan, a ƙare aiki ba a sami kome ba. Kuma kimar ba ɗaya ba ce ga kowane mafari, gama G da C suna riƙe juna da ɗauri uku, A da T kuwa da biyu. Mafarin da G da C suka yi masa yawa ya fi jimirin zafi. Digiri biyu kacal sukan raba tsakanin sakamako mai tsabta da shirme.

Ana maimaita zagayen sau 25 zuwa 35, wani lokaci har 40. Lissafin yana da sauƙi, ya kuwa cancanci a sa ɗalibai su yi shi da hannunsu a allo, don sai sun yi za su yarda. Biyu, huɗu, takwas, goma sha shida. A zagaye na 10 an sami 1,024. A na 20 an sami 1,048,576, abin da tsofaffin masu ƙirgar wuri za su ce ya haura zambar dubu. A na 30 an sami 1,073,741,824. A aikace ba ya cika haka cif, domin tawada tana raguwa, mai juyin kuma yana gajiya, har a kai inda ninkin yake tsayawa. Amma ko rabin wannan aka samu ya isa.

Yadda aka kai ga na'urar

Kary Mullis, wani masanin sinadarai a kamfanin Cetus a jihar Kalifoniya ta Amurka, shi ya yi tunanin dabarar a 1983, aka kuma ba shi lambar Nobel a kanta a 1993. Abokan aikinsa, su Randall Saiki, su suka fara buga sakamakon amfani da ita a 1985. Abin da suka gwada ta a kai kuwa ya shafi ƙasar nan kai tsaye: ciwon sikila ne, wanda ake kira amosanin jini. Asalin ciwon nan baƙi ɗaya ne tak ya sauya a wurin da aka rubuta yadda za a gina jan sinadarin jini. Inda ya kamata a karanta GAG sai aka sami GTG. Mai nazarin harshe ba zai yi mamakin wannan ba, shi da ya san lanƙwasa ɗaya ce ta raba kasa da ƙasa, ta raba baki da baƙi. A Nijeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da wannan sauyi a ɗaya daga cikin kwafi biyun da ya gada. Sai dai a lura, gwajin jinin da ake yi wa masu niyyar aure galibi ba ta wannan hanya ake yinsa ba. Shi sinadarin jinin yake dubawa, ba zaren gado ba. Inda PCR take da rana shi ne inda jinin ba zai ba da amsa ba, kamar ɗan tayi a ciki, ko wanda bai daɗe da karɓar ƙarin jini ba.

A farkon zamanin babu na'ura. Kwanonin ruwan zafi ake jerawa, kowanne da nasa zafin, ma'aikaci yana tsaye da agogo a hannu, yana tsame kwalabe daga wannan ya tsoma a wancan. Abin da ya fi wannan ciwo shi ne mai juyin da suke da shi a lokacin daga wata ƙwayar cikin hanji aka samo shi, wadda ta saba da ɗumin jiki, digiri 37. Duk sa'ad da aka kai 95 don warwara, sai ya dahu ya mutu, kamar yadda farin ƙwai yake daskarewa a tukunya. Dole a buɗe kowace kwalba a ƙara sabo, a kowane zagaye. Sau talatin.

Maganin wannan ya zo daga inda ba a zata ba. A 1966 Thomas Brock da ɗalibinsa Hudson Freeze suka sami wata ƙwayar bakteriya tana zaune lafiya lau a maɓuɓɓugan ruwan zafi na Yellowstone a Amurka, suka raɗa mata suna Thermus aquaticus a 1969. Wanda ya taɓa wanka a ruwan Wikki na Yankari kada ya kwatanta da shi. Wikki ɗumi ne kawai, wajen digiri 31, ita kuwa wannan ƙwaya a wajen digiri 70 take walwala. Halittar da take rayuwa a irin wannan wuri, lalle mai juyinta ba ya tsoron wuta. An tace shi a 1976 a Jami'ar Cincinnati, ba tare da an san amfanin da zai yi ba, aka taƙaice sunansa aka ce Taq. Da mutanen Cetus suka sa shi cikin aikin, suka kuma buga sakamakon a 1988, sai aka huta da buɗe kwalba. A zuba sau ɗaya, a rufe, a bar wa zafi da sanyi sauran. Tun da aikin ya koma hawa da saukar zafi kurum, sai ya zama abin da inji zai iya. A 1987 kamfanonin Perkin-Elmer da Cetus suka fito da na'urar farko kasuwa. A 1991 kamfanin Roche ya sayi haƙƙin mallakar dabarar a kan dala miliyan 300. Shi Mullis, ladan da Cetus ya ba shi dala 10,000 ne.

Tanda da murfi

Wanda ya buɗe na'urar zai ga abin da ya sani a ɗakin girki. Wani faifan ƙarfe ne, na sanholo ko na azurfa, mai ramuka jere, ba shi da maraba da tandar waina, sai dai ramukan ƙanana ne, yawanci 96, layi 8 sau 12. A kowane rami kwalba ɗaya take zama. An zaɓi waɗannan ƙarafa domin suna ɗaukar zafi da sauri, suna kuma raba shi daidai, gama in ramin gefe ya fi na tsakiya sanyi da digiri ɗaya, to, ba gwaji ɗaya ake yi musu ba.

A ƙarƙashin tandar babu garwashi, babu ƙanƙara. Akwai wasu 'yan fale-fale ne waɗanda in lantarki ya ratsa su, fuska ɗaya ta yi zafi, ɗayar ta yi sanyi. In aka juya hanyar lantarkin, mai zafin ta koma sanyi, mai sanyin ta koma zafi. Wani Bafaranshe mai gyaran agogo, Jean Peltier, shi ya lura da wannan hali tun 1834, aka yi shekara wajen 150 kafin ya sami wannan aiki. Da su ne tanda take hawa ko sauka digiri uku zuwa biyar a daƙiƙa guda. Zafin da aka zuƙe daga tanda kuwa dole ya sami mafita, shi ya sa akwai fanka a ciki tana hura shi waje. Murfin ma ana ɗumama shi, har wajen digiri 105, don kada tururi ya tashi ya taru a saman kwalba ya bar haɗin ya kafe. Kafin a yi wannan dabara, ɗigon mai ake zubawa a kan haɗin ya rufe shi. Waɗansu na'urorin suna iya sa kowane layi na tanda ya ɗauki zafi dabam a mataki na tsakiya, don a gwada kima goma sha biyu a tashi ɗaya a ga wadda ta fi.

Duk wannan an tsara shi ne a ƙasashe masu sanyi da wuta mai ɗorewa, a nan kuwa sai an yi masa tanadi. Ƙurar hunturu tana toshe kafofin fanka, na'ura ta kasa sauke zafi a kan lokaci. Zafin bazara a Zariya, cikin Maris da Afrilu, yakan haura digiri 35, alhali na'urar da ake gwajin tarin fuka da ita ba a so ɗakinta ya wuce digiri 30. In kuwa aka ɗauke wuta a zagaye na goma sha biyar, sau da yawa aikin ya tashi, da kayan haɗin da aka sayo da kuɗin waje, a wani lokaci har da samfurin majiyyacin da ya taho daga nesa. Don haka ɗakin binciken da ya sayi na'ura bai sayi batura da na'urar sanyaya ɗaki ba, ya sayi doki ne babu ciyawa.

Karanta sakamako

Bayan an gama zagaye, kwalbar tana nan kamar yadda aka sa ta, ruwa garai-garai. Tsohuwar hanyar dubawa ita ce a zuba shi a ramin wani daskararren abu mai kamar kamu, a sa lantarki. Zaren gado yana tafiya wajen ɓangaren lantarki mai alamar tarawa, gajere ya riga dogo, sai kowane tsawo ya tsaya a nasa sahu. A sa rini mai ƙyalli, a haska, a ga layi. In layin ya fito a daidai tsawon da ake jira, abin da ake nema yana nan.

Daga 1996 aka fara sayar da na'urori masu duba ƙyallin tun aiki yana tafiya, zagaye bayan zagaye, ba sai an buɗe kwalba ba. Wannan ya kawo wani amfani. Samfurin da ƙwayar cuta ta yi masa yawa, ƙyallinsa yakan bayyana da wuri, a ce zagaye na 18. Wanda take kaɗan a cikinsa sai wajen na 35. Ke nan ƙaramar lamba tana nufin cuta mai yawa, abin da yakan rikita ɗalibai in ba a koma da su kan lissafin ninki ba. Irin wannan na'ura aka yi gwajin korona da ita. Sai dai ƙwayar korona ba da DNA take rubutu ba, da wani ɗan'uwansa ne mai sili ɗaya, RNA, wanda yake sa U a gurbin T. Taq bai iya karanta shi ba, sai an fara mai da shi zuwa DNA da wani sinadari dabam, kamar yadda ake mai da ajami boko kafin a miƙa wa mai ɗab'in da boko kaɗai ya sani. A 2020 ɗakin binciken Cibiyar Afirka ta Nazarin Cututtukan da Aka Yi Watsi da Su, ta Jami'ar Ahmadu Bello, yana cikin waɗanda Hukumar NCDC ta amince su yi wannan gwaji.

A Saye kuwa, inda ɗakin binciken tarin fuka na ƙasa yake, da sauran asibitoci da yawa a Arewa, ana aiki da GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a Disamba 2010. A cikinta an haɗe tace zaren, da juyi, da karatu, duk a ɗan akwatin roba guda wanda ake zuba majina a ciki. Cikin sa'a biyu take faɗin ko akwai ƙwayar tarin fuka, ta kuma faɗi ko ƙwayar ta sauya baƙaƙen da za su sa maganin rifamfisin ya kasa kashe ta. Da, sai an shuka ƙwayar an jira makonni kafin a san wannan. Masu binciken sammore ma sun amfana. Ƙwayoyin da ƙudan tsando yake sa wa shanu iri-iri ne, kuma in sun yi kaɗan a jini madubin likita ba ya ganinsu. Da mafarai na musamman ana rarrabe su. Wannan fage ne da Zariya ta yi suna a kansa, musamman ta aikin marigayi Farfesa Andrew Jonathan Nok, wanda ya sami lambar kimiyya ta NLNG a 2009, ya rasu a 2017. Haka kuma a wajen noma, kamar waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsar maruka, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar a 2019: irin wannan iri, ta juyin ninki ake iya tabbatar da cewa guntun da aka dasa masa yana nan a cikin ƙwaya.

Amma fa ƙarfin dabarar nan shi ne rauninta. Abin da zai iya mai da guntu ɗaya miliyan dubu ba ya tambayar daga ina guntun ya fito. In feshin aikin jiya ya rage a iska, ko a safar hannu, ya faɗa kwalbar yau, za a juye shi da aminci, a rubuta wa mai lafiya cuta. Shi ya sa ake raba ɗakuna, na haɗa kaya dabam, na tace samfur dabam, na na'ura dabam, ma'aikaci kuma ba ya komowa da baya da rigarsa. Shi ya sa kuma a kowane tashi ake sa kwalba ɗaya mai ruwa zalla, wadda dole ta fito babu kome, da wata wadda aka san abin yana ciki, wadda dole ta fito da shi. In ɗayansu ta saɓa, a zubar da sakamakon duka. Har wa yau, juyi ba ya bambanta rayayye da matacce. Majiyyacin da ya sha maganin tarin fuka ya warke, gawawwakin ƙwayoyin sukan daɗe a majinarsa, na'ura kuwa za ta juye zarensu. Don haka ba da ita ake bin sawun magani ba, sai a koma ga madubi da shuka. Wannan kaɗai ya isa a daina ce mata injin gano cuta. Shi kansa Taq mai juyi ne mai sauri wanda ba ya bita, yakan tsallake kuskure ya wuce. In aikin yana bukatar kowane baƙi ya fito daidai, akan ɗauki wani mai juyin, kamar Pfu, wanda aka fara aiki da shi a 1991, mai komowa ya goge inda ya ɓata.

Maganar suna

Tun zamanin Hukumar Harshen Hausa, wadda aka kafa a 1955, ake ja-in-ja a kan ko a ari kalmar Turanci a gyara mata zama, ko a ƙirƙiro ta gida. A wannan fage babbar matsala ita ce ƙwayar halitta, wadda gidajen rediyo suka ɗora wa kaya uku: ita ce ɗakin nan da aka gina jiki da shi, ita ce zaren da ke cikinsa, ita ce kuma guntun zaren mai ɗauke da hali guda. Malamin da zai ce ana ciro ƙwayar halitta daga ƙwayar halitta don a juyi ƙwayar halitta, bai koyar da kome ba. Gara a bar wa ɗakin sunan, a ce wa zaren zaren gado, guntun kuma ƙwayar gado. DNA da PCR su zauna a matsayin laƙabi, gama su ne a rubuce a takardar asibiti, amma bayani ya tafi da juyin ninki.

Aikatau juya ya yi wa wannan aiki daidai ta fuska biyu, domin da shi ake juya littafi, da shi kuma ake juya abu daga wani hali zuwa wani, kamar yadda na'urar take juya zafi. Daga gare shi ƙa'idar ɗafa-goshin ma- tana ba da sunaye uku ba tare da an tilasta wa harshe ba. Akwai na mai aiki, irin maɗinki da marubuci. Akwai na kayan aiki, irin mabuɗi da madubi. Akwai na wuri, irin marina da majema. Ke nan sinadarin majuyi ne, na'urar majuyi ce, ɗakin kuma majuya. A baki ba a rikita na farko da na biyu, gama na mai aiki karin sautinsa sama, ƙasa, sama ne, na kayan aiki kuwa sama ne gaba ɗaya. Amma boko ba ya nuna karin sauti, saboda haka a rubuce za su zama kalma ɗaya, a wurin da bambanta su shi ne dukan darasin. Mafita ita ce a bar sinadarin da mai juyi, kamar yadda aka yi a takardar nan, na'urar kuwa a ce majuyin zafi, wanda ya faɗi aikinta bai ƙara mata ba.

Raba sunan hanyar da na na'urar yana da wani dalili kuma. A shekarar 2000 Tsugunori Notomi da abokan aikinsa a Japan suka bayyana wata hanya, LAMP, wadda mai juyinta da kansa yake ture sili ya warware igiya yayin da yake tafiya, da mafarai huɗu zuwa shida, a zafi ɗaya tsakanin digiri 60 da 65. Ba ta bukatar tanda mai hawa da sauka. Kwanon ruwan zafi wanda zai tsaya a kima ɗaya na sa'a guda ya wadatar, sakamakon kuma ana iya ganinsa da ido ta sauyin launi. Ga asibitin ƙauye wanda ba shi da tabbacin wuta, wannan ba ƙaramin abu ba ne, ko da yake ta fi PCR saurin kama gurɓata, ƙera mafaranta kuma ya fi wuya. Ita ma juyi ce mai riɓanyawa, amma babu majuyin zafi a cikinta.